Iyakar Yajin Aiki: Abin da Dokar Amurka Ta Ce Game da Ƙaurace wa Wanda Ba Shi Cikin Rigima



Tambayar da na kawo gabanku yau ita ce: in ma'aikata suka sami saɓani da mai aikinsu, ina iyakar waɗanda ya halatta su matsa wa lamba? Na zaɓi Amurka domin kotunanta sun daɗe suna fama da wannan tambaya, da yawanmu kuwa gobe ne za mu zauna ko dai a kujerar hukuma ko a kujerar ƙungiyar ƙwadago.

Da farko sai mu rabe abu biyu. In ma'aikatan wata masana'anta suka ajiye aiki don a ƙara musu albashi, wannan rigima ce tsakaninsu da maigidansu. Amma in suka tafi wurin ɗan kasuwan da ke sayen kayan masana'antar, suka zuga ma'aikatansa su ƙi taɓa kayan har sai ya daina ciniki da ita, to, sun jawo wanda bai ji ba bai gani ba cikin faɗa. A 1947 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar Taft-Hartley, duk da Shugaba Truman ya ƙi amincewa da ita, ta haramta wannan hanya ta biyu. Wanda aka cuta yana iya kai ƙungiyar ƙara ya nemi diyya. Sai ƙungiyoyi suka koma rubuta sharaɗi tun cikin yarjejeniyar aiki, cewa mai kamfani ya yarda ba zai karɓi kayan wanda ƙungiya ke gaba da shi ba. A 1959 dokar Landrum-Griffin ta toshe wannan ƙofa ita ma, in ban da sassaucin da ta yi wa masu gine-gine da masu ɗinkin tufafi.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Yaya ke nan in ma'aikata sun ƙi taɓa wasu kaya domin kayan sun zo su cinye musu aiki?

Wani kamfani mai suna Frouge ya karɓi kwangilar gina gidaje a birnin Filadelfiya. Yarjejeniyarsa da ƙungiyar kafintoci ta ce ba za su kafa ƙyauren da aka riga aka yanka, aka huda, tun a masana'anta ba, don wannan aikinsu ne na gado. Duk da haka kamfanin ya yi odar irin waɗannan ƙyamare guda 3,600. Kafintoci suka ƙi kafawa, kamfanin ya janye su ya kawo waɗanda ba a taɓa ba. Sai ƙungiyar masu masana'antun katako ta kai ƙara. A 1967 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ba kafintoci gaskiya. Dalilinta kuwa shi ne, abin dubawa shi ne nufin ƙungiya: in tana kare aikin da mutanenta suka saba yi a wurin maigidansu ne, wannan garkuwa ce, halal ce, in kuwa tana so ta cim ma wata bukata a wani kamfani dabam ne, ta zama takobi, doka ta hana.

Bayan shekara 10, watau a 1977, sai kotun ta taƙaita wannan dama. A wani ginin gidan tsofaffi a Niyok, babban ɗan kwangila ya shar'anta a sa na'urorin ɗumama ɗaki da sanyaya shi waɗanda aka haɗa bututunsu tun a masana'anta. Masu aikin famfo suka ƙi sa su, don yarjejeniyarsu da ƙaramin ɗan kwangilar da ya ɗauke su ta ce a wurin gini za a yanka bututu. Kotu ta ce sun karya doka, saboda maigidan nasu ba shi da ikon ba su wannan aiki ko da ya so, ashe ke nan da wani suke yi, shi sun mai da shi sanda kawai.

Rigimar da ta fi girma ita ce ta 'yan dakon tashar jiragen ruwa. Tun 1956 da aka fara jigilar kaya cikin kwantena, aikin da a da ke bukatar ɗimbin mutane ya koma hannun 'yan kaɗan da ƙugiya. Ƙungiyar 'yan dakon gabashin ƙasar ta ƙulla da masu jirage cewa kwantenarsu da za a cika ko a sauke cikin mil 50 daga tasha, 'yan dako ne za su yi aikin, in ba ma'aikatan mai kayan ne da kansu suka yi ba. A 1980 Kotun Ƙoli ta ɗora ma'auni biyu: a ga nufin kare aikin gado ne, a kuma ga mai aikin yana da ikon ba da shi. A 1985 ta tabbatar da halaccin yarjejeniyar, ko da yake direbobin manyan motoci da ma'aikatan sito sun yi asara. Amma murna ta koma ciki, don bayan 'yan shekaru hukumar kula da jigilar ruwa ta rushe sharuɗɗan a ƙarƙashin wata doka dabam, bisa cewa suna nuna bambanci tsakanin masu kaya. Tsoron bai gushe ba: a watan Oktoba na 2024 wannan ƙungiya ta yi yajin kwana 3, batun albashi da na injuna masu sarrafa kansu na cikin abin da ya tayar da ita.

Ga ra'ayina. Lalle akwai adalci a kare wanda ba ruwansa, don ɗan kasuwan da bai rage wa kowa albashi ba bai kamata a rufe masa kanti ba. Amma ma'aunin nan na iko yana da rami. Babban kamfani na iya yanke shawarar da za ta kashe sana'a, sa'an nan ya ɓuya bayan ƙaramin ɗan kwangila. Ma'aikaci in ya fuskanci ƙaramin, a ce ba shi da iko. In ya fuskanci babban, a ce ba maigidansa ba ne. Ya zama gaba kura, baya siyaki. A ganina wanda ya zaɓi kayan, ya kuma ci ribar zaɓin, bai cancanci a lissafa shi cikin 'yan kallo ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, duk wanda a cikinku ya sami kansa a teburin sulhu, sai ya fara da tambayar wa ke da ikon aikin, ya kuma tabbata an sa hannun wannan mutum a takarda tun kafin sabon inji ya iso. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.