Komawa Sana'a Bayan Naƙasa, Ga 'Ya'ya Babu Mataimaki

Wannan lacca ce da aka shirya domin azuzuwan ilmin manya na karkara. Ana son malamin aji ya karanta ta a hankali, ya riƙa tsayawa inda ɗalibai suke da tambaya.



Da wuya a shiga ƙauye a rasa irin gidan da za a yi magana a kansa yau. Mace ce mijinta ya rasu, ko ya sake ta, ya bar mata 'ya'ya uku ko huɗu. Ita kuma ba ta da cikakkiyar lafiya. Wata shan inna ta shanye mata ƙafa tun tana yarinya. Wata hatsarin mota ne ya same ta. Wata ido ne ya rufe. Akwai maza ma a cikin wannan hali. Ga ɗan acaɓa an yanke masa ƙafa, matarsa ta rasu wajen haihuwa, ga yara ƙanana a gabansa.

A kwanakin farko mutane suna zuwa. Wannan ya kawo tuwo, wancan ya kawo kwanon gero. Da an yi sadakar arba'in sai ƙafa ta ɗauke. Ba mugunta ba ce. Masu kawowar su ma suna fama da nasu gidajen. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci da na magani suka yi sama. Saboda haka dole mai naƙasa ya koma neman na kansa. Abin tambaya shi ne, ta wace hanya?

Hanyar da ta fi kusa

Hanyar da ta fi kusa kowa ya san ta. A cire babban ɗa ko babbar 'ya daga makaranta. Yarinya a ɗora mata farantin talla tun da safe. Yaro a ba shi sanda ya zama ɗan jagora, ko ya riƙa tura keken mahaifinsa zuwa gari ranar Juma'a. Kuɗi suna shigowa a ranar, a dafa abinci a ci.

Amma a duba wanda ya biya kuɗin tuwon nan. Yaron ne ya biya, da shekarun karatunsa. Yaron da ya yi shekara biyar yana jagora ba ya komawa aji, domin ƙannensa sun wuce shi, kunya ba za ta bar shi ba. Ya girma babu karatu babu sana'a. Naƙasar mutum ɗaya ta zama ta mutum biyu ke nan. Ita kuwa yarinyar da take yawon tasha da faranti har bayan magariba, duk uwa ta san abin da ake tsoro.

Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara 9 na farko na karatu kyauta ne, kuma dole ne a kan kowane yaro. Dokar kare naƙasassu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta hana a yi amfani da mai naƙasa wajen bara. Ba a kawo wannan don a kunyata kowa ba. Wanda yunwa ta kwana a gidansa ba ya tuna doka. An kawo shi ne don a nemi wata hanyar kafin a kai ga wannan.

A fara zuwa asibiti

Mutane da yawa sun zauna a ɗaki shekaru a kan abin da yake da magani. Yanar ido ita ce babban misali. Ana yin aikinta cikin ɗan lokaci, mutum ya koma yana gani. Ana yi a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, da manyan asibitocin jihohi. Maganin kuturta kyauta ne a asibitin gwamnati, kuma idan an fara shi da wuri yatsu ba sa lalacewa. Wanda aka yanke wa ƙafa, ana auna masa ta roba a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe tun 1959. Ana biya, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne ga talaka. Amma idan dangi za su haɗa wani abu, gara su haɗa a kan wannan da a kan hidimar kwana ɗaya.

A nemi haƙƙi kafin a nemi taimako

Sau da yawa jarin da mace take nema yana nan a hannun mutane, ba ta karɓa ba.

Idan sakinta aka yi, ci da sha da tufafi da maganin 'ya'ya suna kan ubansu. Haka shari'ar Musulunci ta ce, ko da yaran suna wurin uwa. Ba alfarma yake yi ba. Idan ya ƙi, a fara da iyaye da mai unguwa da liman. Idan abin ya gagara, akwai alƙali. Akwai kuma Hukumar Ba da Agajin Lauya ta tarayya, wadda aka kafa a 1976 domin marasa ƙarfi, tana da ofisoshi a jihohi.

Idan rasuwa mijin ya yi ya bar 'ya'ya, matarsa tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin 8 na abin da ya bari. In matan sun fi ɗaya, su raba tumunin a tsakaninsu. Marayu kuma suna da nasu rabon. Nan ne ake yawan cutar mai naƙasa. Ƙanin miji zai ce, "Ke da ba ki iya noma, bari in riƙe gonar." Shekara ta farko ya kawo dami biyar. Ta biyu ya kawo biyu. Ta uku ya ce damina ba ta yi kyau ba. Kafin yara su girma gona ta zama tasa.

Kada a sayar da gona, kuma kada a ba da ita da baki kawai. A ba da ita haya, ko noma-mu-raba, a gaban mai gari da shaidu biyu. A rubuta a takarda: ga iyakar gona, ga shekarun da aka ba da ita, ga yadda za a raba amfani. Kowa ya riƙe kwafi. Mace ta ajiye nata cikin leda a ƙasan akwati.

Wanda kuma ya ji rauni a bakin aikin kamfani ko na gwamnati, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadar masa diyya ta hannun hukumar NSITF. Akwai wa'adin kai ƙorafi, saboda haka kada a yi jinkiri.

Wace sana'a?

Kuskuren da ake yi shi ne mutum ya tsaya yana lissafin abin da ya rasa. Gara ya lissafa abin da ya rage. Wanda ba shi da ƙafa yana da hannu biyu da ido da baki. A birnin Kano ƙungiyar waɗanda shan inna ta naƙasa ta yi suna wajen walda. Su suke ƙera keken guragu da hannunsu, suna sayarwa, suna koya wa yara. Makafi kuwa tun kaka da kakanni an san su da tufkar igiya. Ɗinkin hula, saƙar tabarma da faifai, gyaran takalmi, gyaran rediyo, cajin waya, sayar da kayan miya a ƙofar gida, duk a zaune ake yin su.

A ɗauki misalin mace mai shanyayyar ƙafa wadda ta iya man gyaɗa. Suyar gyaɗa a zaune ake yi. Murzawa da fecewa a zaune. Matsar mai ƙarfin hannu take so, ita kuwa da hannu ta saba ɗaukar jikinta. Murza tunkuza da toya ƙuli-ƙuli duk a zaune. Abu biyu ne kawai suke buƙatar ƙafa: kai niƙa, da kai kaya ga mai saye. To, a nan ne ake cire yarinya daga makaranta.

Alhali akwai dabara. Niƙa sau ɗaya ne a rana, yaro yana iya kaiwa bayan an tashi daga makaranta, ko maƙwabciya ta haɗa da nata. Sayarwa kuma ba sai da talla ba. A yi magana da mai tsiren gari, domin kullum yana neman ƙuli na yin yaji, yana neman mai. A yi magana da mai ƙosai da mai shago. A ba dillaliya ta kai kasuwa ranar ci, a biya ta la'adarta. Ribar za ta ragu kaɗan, gaskiya ne. Amma ciniki ya tabbata, yarinya kuma tana aji.

Kiwo shi ma yana taimakawa, sai dai yana son haƙuri. Kaza tana kwanci kwana 21. Akuya tana ɗaukar ciki wajen wata 5, kuma jar akuyar Sakkwato takan haifi biyu. Amma akuya tana son ciyawa da dusa da allurar rigakafi. Wanda ba shi da mai yi masa ciyawa ya fara da kaji, ko ya tanadi harawa tun da kaka lokacin da take da araha.

A lura da jiki. Wanda ya daɗe a kwance kada ya ce zai yi aikin yini guda tun ranar farko. Ya fara da awa biyu ko uku. Mai zama wuri ɗaya ya riƙa juyawa, ya sa shimfiɗa mai taushi, don kada gyambo ya fito. Wanda kuturta ta kashe wa jin zafi a hannu ya yi nesa da sana'ar wuta, domin zai ƙone bai sani ba. Idan uwa ta sake kwanciya, babu wani a bayanta.

Gwangwani biyu

Abin da ya fi kashe ƙaramar sana'a a irin wannan gida shi ne tukunya. Yara suna kuka, kuɗin ciniki suna cikin kwano, hannu ya kai. Kafin wata biyu uwar kuɗi ta tafi.

A nemi gwangwani biyu. Ɗaya na uwar kuɗi, ɗaya na riba. Alal misali, mace ta sayi gyaɗa da itace, ta biya niƙa, duka ₦10,000. Ta sayar da mai da ƙuli ₦12,500. Kafin ta taɓa ko kwabo, ta mayar da ₦10,000 cikin gwangwanin farko. Abin da ya rage, ₦2,500, shi ne nata. Daga ciki za ta ci, daga ciki za ta yi zubin adashi. Kullum da dare ta rubuta a littafi: abin da ya fita, abin da ya shigo, da sunan wanda ya karɓi bashi. Mutane sukan raina mai naƙasa wajen biyan bashi, domin sun san ba za ta iya bin su gida ba. Rubutu a gaban mai karɓa yana rage wannan.

A yi hankali da bashin ba-da-kaka, da bashin da ake bayarwa ta waya mai ruwa mai yawa. Adashi da mutanen da aka sani ya fi. Idan uwar adashi mai tausayi ce, a roƙe ta kwasar farko ko ta biyu, a sa a jari.

Mai takardar makaranta

Akwai waɗanda suke da takardar sakandare ko ta koyarwa kafin lalura ta same su. Su sani cewa dokar 2019 ta ce ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙari kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu su zama masu naƙasa. Ta kuma sa tarar ₦100,000, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu, a kan mutumin da ya nuna wa wani bambanci saboda naƙasarsa. A 2020 aka kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa a Abuja. Jihohi da dama, irin su Kano da Jigawa da Filato, suna da tasu dokar.

Gaskiyar magana, abin da yake a takarda ya fi abin da ake gani a ƙasa. Ofisoshi da yawa har yanzu matakala ce a ƙofarsu. Duk da haka wanda ya san dokar ya fi wanda bai sani ba ƙarfin baki. Ya rubuta takardar neman aiki, ya ambaci naƙasarsa da abin da ya iya, ya ajiye kwafi. Ya shiga ƙungiyar naƙasassu ta ƙaramar hukumarsa, domin yawanci ta nan labarin gurbin aiki da koyon sana'a da rabon zakka yake biyowa.

Kowa ya yi ƙoƙari ya mallaki lambar ɗan ƙasa ta NIN, domin yanzu ana nemanta wajen buɗe asusun banki da rajistar layin waya. Idan wani ya zo gari da fom ya ce a biya kuɗi kafin a sa suna cikin masu samun tallafi, kada a ba shi. A je sashen jin daɗin jama'a a sakatariyar ƙaramar hukuma a tambaya. Wanda ba zai iya zuwa ba, ya ba malamin aji ko mai unguwa saƙo su tambayo masa.