Ruwan Ikko Dabam, Ruwan Jalingo Dabam

Jawabi ga 'yan asalin Kachalla Sembe mazauna Ikko



An nemi in yi magana a kan damina. Abin da nake so in jawo hankalinku gare shi shi ne, wanda ya daɗe a tsibirin Ikko yakan riƙa auna daminar gida da ruwan da yake gani a ƙofar ɗakinsa, alhali kuwa tafiyarsu ba ɗaya ba ce.

A nan bakin teku ruwa yakan kai ƙarfinsa a watan Yuni, sa'an nan ya ɗan ɗauke ƙafa daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta, kana ya komo a Satumba da Oktoba. To, daidai lokacin da Ikko ta samu sarari muka shanya kayanmu, lokacin ne marka take sauka a Jalingo, watau Agusta da Satumba. Ruwan da ya zuba a kan duwatsun da ke kewaye da gari ba ya jira. Nan da nan yake gangarowa ya cika Mayo Gwoi da kogin Lamurde. Manyanmu ba su manta da Agustan 2005 ba, sa'ad da ambaliya ta karya gadar Nukkai, aka yi asarar rayuka masu yawa.

Amma ga mai gidan kwano, iskar farkon damina ce abar tsoro, a Afrilu da Mayu. Hadarin yakan taso daga gabas, iska da ƙura a gaba, ruwa a baya, kafin a ce kwabo ta yaye rufi. Haka ta yi wa Jalingo a Mayun 2018. Abin mamaki, masana sun nuna cewa waɗansu daga cikin hadarurrukan nan na tsakiyar damina, in sun ratsa ƙasashenmu suka faɗa tekun Atlantika ta wajen tsibiran Kef Bad, su ne kan girma su zama mahaukaciyar guguwar da ke addabar tsibiran Karibiyan tsakanin Yuni da Nuwamba.

Saboda haka, jama'a, kuɗin gyaran rufi da ƙusa da katako lalle ne ya isa gida tun watan Maris. Wanda ya bari sai ya karɓi kuɗin adashe a Yuni, gyara biyu zai yi. Yasar magudanar ruwa kuwa a gama ta kafin Yuli, kuma mai niyyar sayen fili kusa da rafi ya tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya taɓa kaiwa.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, jiha jiha, da lokacin saukar ruwa da na ɗaukewarsa. Ku nemi na Taraba, ku karanta wa na gida kafin su sayi iri.

Allah ya ba mu damina mai albarka.