AMSOSHIN WASIƘUNKU: Tsuntsu Mai Zobe Da Ruwan Fadamar Guri

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a garin Guri, ƙasar Haɗejiya, cikin Jihar Jigawa, wanda ya ce shi manomin shinkafa ne, kuma yakan taɓa kamun kifi idan ruwa ya fara janyewa. Ga abin da yake cewa:

"Ɗana ya kama wata 'yar agwagwar ruwa a cikin taru, a ƙafarta akwai zoben ƙarfe mai rubutun boko da lambobi. Wasu sun ce asiri ne, wasu kuma sun ce in na kai wa Turawa za su ba ni kuɗi. Mene ne gaskiyar wannan abu? Sannan me ya sa ake zuwa ƙidayar tsuntsaye a fadamarmu, alhali mu kacala ta cinye mana gonaki, jan baki kuma yana cinye abin da ya saura? Ko tsuntsu ya fi mutum daraja ne?"

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa taka. Tambayarka ta ƙarshe da zafi ka yi ta, kuma ba mu ga laifinka ba. Amma bari mu fara da zoben.

Babu asiri a cikinsa, kuma ba a biyan ko kwabo a kansa. Masu binciken tsuntsaye ne ke sanya shi. Sukan kama tsuntsu, su maƙala masa wannan zobe mara nauyi, su rubuta lambarsa da rana da wurin a littafi, sannan su sake shi. Duk ranar da wani ya same shi a wata ƙasa ya ba da labari, sai a san inda ya bi da shekarun da ya yi a duniya. Wani malamin makaranta ne a ƙasar Danmak, mai suna Mortensen, ya fara wannan dabara a shekarar 1899. Kafin nan mutanen Turai sun daɗe suna gardama a kan inda tsuntsayensu ke ɓacewa idan sanyi ya shigo, har wasu malamansu na cewa wai tsattsewa nutsewa take yi cikin laka a ƙarƙashin tafki ta yi barci sai bazara. A shekarar 1822 aka harbo wata babbar tsuntsuwa 'yar'uwar shamuwa a arewacin Jamus, sai ga wani dogon mashi irin na Afirka soke a wuyanta. Da shi ta ƙetare hamada da teku ta koma gida. Har yanzu tana ajiye a Jami'ar Rostock da mashinta a wuya.

Saboda haka in kun sake samun irinsa, ku kwafe lambobin da rubutun daidai yadda suke, ku rubuta rana da sunan tafkin, in tsuntsun na da rai ku sake shi da zobensa. Takardar ku miƙa wa ma'aikatan gandun daji na yankinku, ko a aika wa cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke kusa da Jos. Amma in kun tarar da tsuntsaye matattu birjik a bakin ruwa, kada ku taɓa, kada ku bar yara su kwaso su gida kusa da kaji. Ku sanar da malamin dabbobi. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a ƙasar nan a 2006 ba ta ƙare ba tukuna.

Yanzu me ya kawo wannan agwagwa Guri? Masana sun daɗe da lura cewa nau'o'in halittu sun fi yawa a ƙasashe masu ɗumi da ke tsakiyar duniya, suna raguwa yayin da aka nufi ƙasashen ƙanƙara. A Nijeriya kaɗai an ga tsuntsaye iri sama da 900, a fadamun Haɗejiya da Nguru kuwa iri sama da 370. Can ƙasashen sanyi irin su Rasha da gabashin Turai, abinci yakan wadata ne a 'yan watannin zafi kawai, to a lokacin tsuntsayen kan yi ƙwai su ƙyanƙyashe. Da ruwa ya fara daskarewa sai su yo kudu. Cin rani ke nan, kamar yadda samarinku ke tafiya Kano ko Legas bayan girbi. Sukan ƙetare Bahar Rum, su ƙetare hamadar Sahara, su iso nan wajen watan Satumba da Oktoba a rame, su koma wajen watan Maris. Kuma a duk faɗin gefen hamada, manyan masaukansu ba su da yawa: bakin kogin Senegal, da fadamun kogin Kwara a ƙasar Mali, da naku na Haɗejiya da Nguru, sai tafkin Chadi. Dinya da kirinjijiya da kuka saba gani, su 'yan gida ne. Ita ma shamuwarmu ba ta zuwa Turai, kudancin Afirka take tafiya, ta dawo da damina.

Maganar ƙidaya kuwa, a watan Janairu ake yin ta a ƙasashe da yawa lokaci guda, don kada a ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu. A nan yankinku ta kankama ne bayan kafa shirin kula da fadamun Haɗejiya da Nguru a 1987. Tsakanin 1995 da 1997 an riƙa samun tsuntsayen ruwa daga dubu 200 zuwa sama da dubu 300 a kowace ƙidaya. Abin da masu ƙidayar suka gano shi ne, yawan tsuntsu yana bin yawan ruwan da ya malala a fadama. Shekarar da ambaliya ta yi faɗi, tsuntsu ya yi yawa. Shekarar da ta tsuke, ya ragu. Har a Turai ana jin abin a jiki. A shekarar 1969 mutanen Ingila sun wayi gari wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba da shi ya ragu da fiye da kashi 2 cikin 3. Da aka bi diddigi, ashe ƙarancin ruwan sama a nan gefen hamada ne ya kashe su. Bayan 'yan shekaru sai ga babban fari na 1973, wanda dattawanku ba za su manta da shi ba. Ka ga ashe tsuntsun ya riga kowa ba da labari.

To Malam, a nan ne tambayarka ta zafi take samun amsa. Ruwan da wannan agwagwa ke nema, shi ne wanda shinkafarka ke nema, wato wanda zai zo da damina ya malale fadama, sannan ya janye a kan lokaci. In ya malala kifi ya shiga ciyawa ya hayayyafa, karfasa da tarwaɗa su cika tafkuna, rijiyoyi su sha. In ya janye ka shuka wake a danshi, Bafulatani ya sami ciyawar rani. A shekarun 1960 da farkon 1970 ambaliya kan rufe hekta dubu 250 zuwa dubu 300 a wannan yanki. Zuwa farkon shekarun 1990 ta koma hekta dubu 70 zuwa dubu 100. Fari ya taka tasa rawar, musamman na 1973 da na 1984. Sauran kuwa aikin hannun mutum ne. An gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano a 1974, aka gama ta Challawa a 1992, kuma waɗannan koguna biyu su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya.

Madatsa tana riƙe ruwan damina, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har cikin rani, saboda ruwan sha na birnin Kano da noman rani. A da, hanyoyin ruwanku kan bushe ƙaƙas da rani, duk ciyawar da ta tsiro ta mutu ko shanu su tattake ta. Da ruwa mara zurfi ya zauna shekara cur, sai kacala ta sami abin da take so. Ta tare yashi da laka, ta toshe tsohon kogin Haɗejiya da Burum Gana, mafi yawan ruwan ya karkata ta Marma zuwa tafkin Nguru. Shi ya sa za ka ga wani ƙauye gonakinsa sun nutse shekara da shekaru, maƙwabcinsa kuma yana kukan ruwa ya daina zuwa. Kacalar nan kuma ita ce makwancin jan baki, ga sauro, ga katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Shi jan baki ɗan Afirka ne, ba ya cikin baƙin da ke zuwa daga Turai, kuma babu mai ƙirga shi don a kare shi. Agwagin baƙi ma kacala cutarsu take yi, domin buɗaɗɗen ruwa suke so. Feshin jirgin sama yakan rage jan baki na ɗan lokaci, sai dai maganin ba ya tantance tsuntsu, kuma muddin makwancin na nan za su dawo.

A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa sun zauna sun yi lissafi. Suka haɗa abin da fadama ke bayarwa na noma da kifi da itacen wuta, suka gwada da abin da aikin noman rani na kogin Kano ke bayarwa. Suka tarar, in aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, amfanin fadama ya ninka na wancan nesa ba kusa ba, ga shi ko kiwo ba su sa a lissafin ba. Ba muna cewa a rushe Tiga ba ne, manoman Kura da Kadawa ma 'ya'ya suke ciyarwa. Amma a ganinmu wannan lissafi ya kamata kowane mai unguwa a ƙasar Guri ya san da shi, domin shi ne hujjarku duk ranar da aka zauna rabon ruwa. Shi ne kuma abin da masu adawa da gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are suka riƙa kafa hujja da shi, tun da yake Jama'are ne kogin da ya rage yana kawo ambaliya yadda Allah Ya tsara ta.

Sai kuma canjin yanayi, wanda ya zo ya ƙara dagula lissafin. Duniya ta ƙara ɗumi da fiye da digiri 1 tun da aka fara ƙona kwal da man fetur da yawa. Mutane da dama sun ɗauka ma'anarsa fari kawai. A'a, har da ruwa mai yawa a lokaci guda. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a gefen hamada sun ninka sau 3 tun daga 1982. Ruwan wata guda ya zubo a kwana biyu, madatsai su cika su tumbatsa, ruwan ya iso ya tarar da hanya a toshe da kacala, to ina zai bi in ba gonaki da gidaje ba? Abin da kuka gani ke nan a 2020 da 2022. Tsuntsayen ma sun rikice. Wasu daga cikin dangin waccan mai mashi a wuya sun daina ƙetarowa, sun zauna a Sifen da Fotugal suna kiwo a juji.

Wataƙila kana tsoron a ƙwace maka fadama da sunan tsuntsu. Tafkin Nguru da hanyar Marma sun shiga jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, Baturiya ta shiga a 2008, sannan a 2020 hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗejiya da Nguru da Bade a matsayin wurin kiyaye halittu. Yarjejeniyar ba ta hana noma ko su ko kiwo ba, cewa ta yi a ci moriya ba tare da an kashe wurin ba. A cikin keɓaɓɓen daji irin na Baturiya ne ake da dokar farauta da sare itace, kuma wannan a kiyaye.

Abin da masana suka daɗe suna roƙon Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are shi ne ta riƙa sakin ruwa mai yawa cikin damina don fadama ta sha, ta rage na rani don hanyoyin su sami bushewa. Ku kuma naku shi ne aikin gayya na yanke kacala, a yanke ta ƙasa da saman ruwa yadda kututturen zai nutse ya ruɓe, domin wadda aka ƙone ko aka sare a sama tohowa take yi. Sannan ku sami wani mai ilmi a ƙungiyarku ya riƙa rubuta ranar da ruwa ya iso gonakinku, da inda ya tsaya, da ranar da ya janye, kowace shekara. Idan mutanen Adiyani da Kadira da Abunabo kowa ya zo da irin wannan littafi gaban hukuma, maganar ta wuce a ce ƙorafin mutum ɗaya ne.

Malam, a gaida mutanen Guri. Masu sauraro, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.