Ɓarawo a Ɗakin Mai Gadi: Leƙen Asiri ta Ganuwar Intanet



Muna godiya ga kwamitin shirya laccoci da ya ba mu wannan dama, ko da yake a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi mu sani nesa ba kusa ba. Batun da aka ɗora mana shi ne wani salo na leƙen asiri tsakanin ƙasashe, inda ake dasa muguwar manhaja a cikin na'urar da aka saya takanas domin tsaro. Abin da muke so mu tabbatar muku a yau guda ɗaya ne, wato toshe kafar da ɓarawo ya bi ba ya fitar da ɓarawon da ya riga ya shige.

Da farko ya kamata mu san na'urar da ake magana a kanta. Kowace ma'aikata mai kwamfutoci da yawa takan haɗa su wuri guda, sa'an nan ta girka wata na'ura a tsakaninsu da intanet, wadda za mu kira ganuwa. Aikinta ya yi kama da na Sarkin Ƙofa a biranenmu na da, domin duk saƙon da zai shiga ko zai fita sai ya bi ta hannunta, ta duba, ta bari ko ta hana. Haka kuma ma'aikacin da ke gida ko yake kan tafiya, ta nan yake ba da sunansa da kalmar sirrinsa kafin a buɗe masa. Kamfanonin Amurka irin su Cisco da Fortinet suna cikin manyan masu ƙera ta.

To, me ya sa 'yan leƙen asiri suka ɗora ido a kan ganuwa? Dalilan a fili suke. Tilas fuskarta tana kallon waje dare da rana, saboda haka kowa a duniya yana iya ƙwanƙwasa mata. Bugu da ƙari, asirin gidan duka ta gabanta yake wucewa. Daɗin daɗawa, ita akwati ce rufaffiya, galibi ba a iya sa mata manhajar farautar ƙwayoyin cuta irin wadda ake sa wa kwamfutar tebur, kuma mai kula da ita ba ya ganin cikinta sai abin da ita kanta ta faɗa masa. Mai gadi yana binciken kowa, amma ba safai ake binciken ɗakinsa ba.

Bari mu ɗauki misalin ƙasar Holan. Ranar 6 ga Fabrairu, 2024, hukumomin leƙen asirin ƙasar guda biyu, MIVD ta soja da AIVD ta farar hula, suka bayyana cewa a shekarar 2023 an kutsa cikin wani rukunin kwamfutoci na Ma'aikatar Tsaro. Maharan sun bi ta wata kafa a cikin ganuwar FortiGate ta kamfanin Fortinet, a sashen da ke karɓar masu shigowa daga nesa. Da suka shige, sai suka dasa wata manhaja da hukumomin suka laƙaba wa suna COATHANGER. Holan ta ɗora laifin a kan ƙasar Sin, kuma wannan ne karo na farko da ta fito fili ta yi haka. Sin kuwa ta musanta.

Halin wannan manhaja shi ne abin lura. Idan mai kula da na'ura ya nemi jerin fayiloli ko jerin ayyukan da ke gudana, sai ta tare amsar a hanya, ta goge sunanta, ta miƙa masa saura. Idan aka kashe na'urar aka kunna, ba ta mutuwa, domin ta riga ta ɓoye kwafinta a cikin sashen da ke gudanar da kashewa da kunnawar. Ko da an ɗora sabuwar manhajar kamfani mai ɗauke da facin da ya toshe kafar, tana nan daram. Shawarar hukumomin ita ce a share na'urar ƙaƙaf, a sake girka komai daga tushe.

Kamfanin Fortinet ya sanar da wannan kafa a watan Disamba, 2022. Amma a watan Yuni, 2024, MIVD ta ƙara bayani cewa maharan sun san kafar aƙalla wata 2 kafin sanarwar, kuma a wannan tsakani kaɗai sun taɓa na'urori kimanin 14,000. Jimillar waɗanda suka sami shiga a 2022 da 2023 ba ta gaza 20,000 ba a faɗin duniya, cikinsu har da na gwamnatoci da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da kamfanonin ƙera makamai, sa'an nan suka zaɓi waɗanda suka fi yi musu amfani suka dasa manhajar. Jama'a, ku duba wannan lissafi da kyau. Ma'aikacin da ya yi facinsa a ranar da aka sanar, bai yi sakaci ko na awa ɗaya ba, duk da haka mai yiwuwa baƙon ya riga shi da wata biyu.

Ba Fortinet kaɗai abin ya shafa ba. A watan Afrilu, 2024, sashen bincike na Cisco mai suna Talos ya tona wani farmaki da ya kira ArcaneDoor, wanda aka kai wa ganuwar Cisco ASA a ma'aikatun gwamnatoci. An sami manhajoji biyu. Line Dancer tana zaune a ƙwaƙwalwar wucin gadi, tana iya dakatar da rajistar da na'ura ke rubutawa, ta kuma kwafi saƙonnin da ke wucewa. Line Runner kuwa ita ce ɓarauniyar ƙofa mai jure kashewa da kunnawa. Talos ya ce aikin wata gwamnati ne, amma bai ambaci suna ba. A watan Satumba, 2025, aka bayyana cewa maharan sun ƙara nutsawa, har sun sauya manhajar da ke tayar da na'ura tun kafin komai ya fara aiki, a cikin tsofaffin samfurin ASA 5500-X waɗanda ba su da tsarin tantance manhaja a lokacin tashi. Ranar 25 ga wannan wata hukumar CISA ta Amurka ta ba ma'aikatun tarayya umurnin gaggawa su bincika na'urorinsu, su kuma cire waɗanda kamfani ya daina kula da su.

Kada kuma wani ya fita daga nan da zaton cewa ɓangare ɗaya ne na duniya ke wannan sana'a. A watan Disamba, 2013, mujallar Der Spiegel ta Jamus ta buga wani kundin kayan aiki na hukumar NSA ta Amurka, wanda a ciki akwai JETPLOW da aka shirya domin ganuwar Cisco, da FEEDTROUGH domin ta Juniper, da HALLUXWATER domin ta Huawei, dukkansu an ƙera su ne su daɗe a ɓoye. Manyan ƙasashe kowace tana zargin 'yar'uwarta, mai sayen na'ura kuwa shi ne a tsakiya.

A nan ne maganar ta iso kanmu. Da yawa daga cikinmu gobe za mu zama jami'an mulki, ko akantoci, ko injiniyoyi, kuma irin waɗannan na'urori ne ake saya wa ma'aikatu da bankuna da jami'o'i ko'ina, har da namu. Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Laifin ɗan leƙen asiri ba ya wanke kamfanin da ya sayar da kaya mai kafa, ba ya kuma wanke ofishin da ya girka na'ura ya manta da ita shekara da shekaru.

Saboda haka muna ba da shawara kamar haka. A yi faci da zarar ya fito, amma kada a tsaya nan. A ɗauka cewa wataƙila an riga an shiga, a bincika, in an ga alama a share na'urar a sake girkawa, a kuma canja dukkan kalmomin sirrin da suka taɓa bi ta cikinta. A riƙa aika rajistar ganuwa zuwa wata kwamfuta dabam, domin wanda ya kama ganuwa ya kama alƙalaminta, kuma ranar da rajista ta yi shiru ba dalili, shirun nan kansa shaida ne. A raba gida ɗaki-ɗaki. Abin da ya taƙaita ɓarnar a Holan ke nan, domin rukunin da aka shiga na bincike ne marar manyan asirai, masu amfani da shi ba su kai 50 ba, kuma a ware yake daga sauran na ma'aikatar. A ƙarshe, wanda ke tsara kasafin kuɗi ya sani cewa ganuwa tana da wa'adi. Ya tanadi kuɗin canja ta tun kafin kamfani ya janye hannunsa.

'Yan'uwa, wannan aiki ba na injiniya kaɗai ba ne. Injiniya yana iya rubuta takarda sau goma cewa na'ura ta tsufa, amma sai babban sakatare ya sa hannu, sai akanta ya saki kuɗi. Takardun da ke bayan ganuwar nan kuwa na jama'a ne: albashinsu, lafiyarsu, da shawarwarin da ƙasa ke yi kafin ta zauna ciniki da wata ƙasa. Duk wanda aka ba amanar kujera a cikinmu, muna roƙonsa ya riƙa tambayar abu biyu, wato yaushe aka yi wa ganuwarmu faci, kuma wa ya duba cikinta bayan facin.

Iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan. Inda muka yi daidai Allah ya amfanar da mu, kuma muna maraba da tambayoyi da gyare-gyaren malamanmu.