Auna Miƙewa da Lahani a Mahaɗin Noti ta Hanyar Hoto



Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda injiniyoyi suke gano inda jikin jirgin sama yake fara gajiya, musamman a wuraren da aka haɗa allo da allo da noti. Al'amarin ya shafi duk wanda ya taɓa hawa jirgi, domin ransa yana rataye ne a kan dubban irin waɗannan mahaɗai.

Da fari, jiragen zamani ba na ƙarfe ba ne zalla. Kimanin rabin nauyin Boeing 787, wanda ya fara tashi a 2009, haɗaɗɗen allo ne, watau zaren kabon da aka jera hawa-hawa aka ɗaure da wani irin danƙo mai sandarewa. Hikimar ta yi kama da ta magini da ke kwaɓa ƙasa da ciyawa: zare ya ɗauki ja, danƙo ya riƙe zare. Allon ba shi da nauyi, ga kuma ƙarfi, amma ba ya son huji. Duk inda aka huda shi don a sa noti, an yanke zaren da ke ɗauke da kaya.

Tun a 1898 Bajamushen nan Kirsch ya nuna cewa idan aka ja faffaɗan farantin ƙarfe mai ƙaramin rami, nauyin da ke bakin ramin yakan ninka na sauran wurare sau uku. A haɗaɗɗen allon da zarensa ya fuskanci gefe guda, ninkin ya fi haka. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Jiragen Comet na Ingila da suka tarwatse a sama a 1954 na alminiyam ne, amma darasinsu bai tsufa ba, domin binciken da aka yi a Farnborough ya nuna tsagewa ce ta faro daga ƙaramin rami a gefen wata kafa ta jikin jirgin.

Mahaɗin noti yakan lalace ta fuskoki uku. Ko allon ya tsinke a gicciye ta tsakiyar ramin, ko noti ya yage shi ya fice ta baki, ko kuwa ya riƙa murƙushe gefen ramin a hankali. Na ukun injiniya ya fi so, saboda yana ba da alama kafin ya kai ga halaka. Shi ya sa akan bar tazarar da ta kai faɗin ramin sau uku tsakaninsa da bakin allo.

To, yaya ake aunawa? Tun 1938 ake manna wata 'yar na'ura mai siririyar waya, wadda ke miƙewa tare da allon. Aibinta shi ne wuri guda kaɗai take ba da labarinsa. A farkon shekarun 1980 masana a Jami'ar South Carolina ta Amurka, cikinsu har da Peters da Ranson da Sutton, suka fito da wata dabara. Akan shafa wa allon farin fenti, a yayyafa masa baƙaƙen ɗigo barkatai, a ɗauki hotonsa. Sa'an nan inji ya riƙa jansa, kyamara tana ta ɗauka. Kwamfuta sai ta rarraba hoton farko ƙananan gidaje, ta bi sawun kowane gida a hotunan baya, ta lissafa gusawarsa. Daga nan taswira take fitowa mai nuna inda miƙewa ta taru. Idan kyamarori biyu ne, har kumburin allon ana gani.

Sai dai fa kyamara fuskar allo kawai take gani. Kan noti da washa sukan rufe bakin ramin, alhali kuwa a nan ne hawa yake fara rabuwa da hawa daga ciki. Don haka akan haɗa da hoton ekisire ko na'urar da ke aika sauti cikin allon, a kwatanta sakamakon.

A ƙarshe, ɗalibi ya lura cewa fenti da kyamara da lissafi sun isa su tona abin da ido ba ya gani. Ma'aikacin da zai sa hannu a takardar sayen kaya ko gyaransu kuwa, wajibinsa ne ya nemi shaidar gwajin mahaɗai, kada ya tsaya ga ƙarfin allo kaɗai.

Allah ya sa a amfana. Wassalam.