Dashen Ƙwan Haihuwa da Tsaron Nasaba



Tambayar da aka fi yi mini ita ce: dashen ƙwai halal ne ko haram? Wannan an daɗe da amsa ta. A 1978 aka haifi Louise Brown a Ingila, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwan uwarta da maniyyin ubanta a ɗakin gwaji kafin a mayar cikin mahaifa. Shekara biyu kacal bayan haka, a 1980, Shehu Jadul Haƙƙ, Muftin Masar na lokacin, ya ba da fatawa cewa ya halatta, muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma igiyar aure tana nan. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta bi wannan turba a zamanta na Amman a 1986. 'Yan'uwanmu Katolika sun fi mu tsanantawa: takardar da Fadar Paparoma ta fitar a 1987 ta hana shi ko tsakanin miji da mata, saboda yana raba haihuwa da saduwar aure, da kuma saboda 'yan tayin da ake zubarwa. Iran kuwa ta sassauta, har ta yi dokar ba da kyautar ɗan tayi a 2003.

Inda nake so mu daɗe shi ne maganar kishiya, domin tamu ce. A 1984 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa da ke Makka ta yarda a ɗauki ƙwan uwargida, a haɗa da maniyyin maigida, a dasa a mahaifar amarya, tunda duk matan mutum ɗaya ne. Da shekara ta zagayo, a 1985, sai malaman suka janye. Me ya sa? Amaryar nan tana da kwana. Tana iya ɗaukar nata cikin a daidai lokacin da aka yi dashen. In ta haifi ɗa guda, na wa ne? Uba dai ɗaya ne, amma wace uwa zai gada, kuma dangin wace ce muharramansa? Ku da kuka taɓa zaman rabon gona a gidan da ke da ɗaki huɗu kun san abin da ɗigon shakka kan haifar. A ganina janyewar nan ta fi fatawar farko nuna zurfin ilimi.

Haka zancen yake ga ɗan tayin da aka daskarar aka ajiye. Miji ya rasu, ko ya yi saki idda ta cika, to jumhurun malaman Sunna sun ce ba a dasa shi.

Amma duk sharuɗɗan nan a hannun wa suke? A hannun ma'aikacin ɗakin gwaji da ba ka taɓa gani ba. Tun 1998 Dakta Ibrahim Wada ya yi nasarar wannan aiki a Abuja, asibitoci kuma sun yawaita, sai dai doka ba ta sa musu ido yadda ya kamata ba. Manomin da ya sayar da masarar shekara guda, wataƙila har da shanun huɗa, yana da haƙƙin ya tambayi likita yadda ake tantance kwalabe, da inda ragowar 'yan tayin za su. Ya kuma sani cewa sau da yawa dashen farko ba ya kamawa.

Sai ku maza, ku yi haƙuri da ni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida kan fuskanci rashin haihuwa, kuma ba mata kaɗai ba ne. A nan Funtuwa, da an yi shekara uku shiru sai a kira mace juya, a fara neman wata. Gwajin maniyyi ya fi lefe arha nesa ba kusa ba, kuma ba sai an je Abuja ba. Zariya na nan kusa. Maigida ya fara zuwa a duba shi kafin ya aika a kai gaisuwar iyaye.