Icen da ke tsaye ma dukiya ne



Ƴan uwa ƴan kasuwa da ma'aikata, ina so in fara da tambaya guda: yaushe ne icce ke shiga lissafin arzikin ƙasa? Amsa ita ce, ranar da aka sare shi. In mota ta ɗauko itace ta shigo Yamai ko Maraɗi, sai a auna, a biya haraji, a rubuta cewa tattalin arziki ya motsa. Amma gawon da ya shekara arba'in tsakiyar gona, yana zubar da ganye da damina don hatsi ya samu rana da taki, yana ciyar da bisashe da ƴaƴansa da rani, babu littafin da ke ɗauke da sunansa. Wannan lissafi gurgu ne, kuma shi ya kamata mu gyara.

Mun ga aya. Dokar daji ta 1974 ta sa gawo cikin itatuwan da ba a taɓawa sai da izinin hukuma. Manomi ya ga icen gonarsa ba nasa ba ne, tara kawai yake jawo masa, sai ya riƙa tumɓuke tsiron tun yana ƙarami. Bayan taron Maraɗi na 1984 kan yaƙi da hamada, da yunwar da ta biyo baya, al'amari ya soma sakewa. Manoma suka rungumi sassaben zamani: a bar kututture ya toho, a zaɓi reshe mai ƙarfi, a rage sauran. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara wa mai gona ƙarfin gwiwa. A 2009 masu bincike suka ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200. Wanda ya bi hanyar Mirriya, Matamai da Magariya ya gani da idonsa. Ba rancen waje ya yi wannan aiki ba. Mallaka ce ta yi shi: da manomi ya tabbata icen nasa ne, sai ya tsare shi.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ma'aikata, ku daina auna aiki da yawan dashen ranar 3 ga Agusta, ku ƙidaya wanda ya rayu bayan shekara uku. Ƴan kasuwa, ku zuba jari a gas da murhu mai tsimin icce da wutar hasken rana, domin ranar da daji ya ƙare, mai sayen hajarku na ƙauye ma ya tafi cin rani. Hukuma kuwa, in ƙasashen da hayaƙin masana'antunsu ya ɗumama duniya suka biya kuɗin gyara, to ya isa hannun wanda ya raini icen, kada ya maƙale a ofis.

Zafi na ƙaruwa, damina ta zama ba tabbas. Mu gyara lissafi tun gawo na tsaye.

Allah ya ba mu damina mai albarka.